Ƙwallo ta cinye gidan kallo, katun ya gaji tatsuniya

Mutumin Gwarzo da ke sha'awar zama a silima mai kujeru da tikiti sai ya kama hanyar Kano, tafiyar kusan kilomita 70, ya wuce Garo da Rimin Gado kafin ya shiga birni. Na Kabo ya ɗan fi shi kusa, amma shi ma ba tafiyar bayan sallar isha ba ce. Abin da waɗannan garuruwa suke da shi shi ne gidan kallo: rumfar kwano, bencina a jere, talabijin biyu ko uku, janareta na ruri a baya, da allo a bakin ƙofa wanda ake rubuta shirin dare da alli. Mai gidan shi ke zaɓen abin da za a nuna, shi ke karɓar kuɗi, shi ke raba faɗa. Idan akwai silima mai zaman kanta a yammacin Kano, to wannan ce.

Allon nan ya sauya. Shekaru ashirin baya, sunayen fina-finai ake gani a kansa, na Indiya da na 'yan kareti da na Hausa. Yau Arsenal ce da Barcelona da Real Madrid. Labari ya fice daga rumfar ya koma cikin waya, kuma babu wanda wannan ƙaura ta fi shafa kamar zane mai motsi, wato katun, wanda tun asali bai taɓa samun gindin zama a gaban manya ba.

Kallon taro ba baƙo ba ne a karkara. A da, tun zamanin Turawa, motar majigi ke zagaya gundumomi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, mai sharhi ya riƙa fassara hotuna da lasifika. Fina-finai irin su Baban Larai, mai koyar da noma, ta nan suka shiga bakin mutane. Majigi kyauta ne, na hukuma ne, yaro da babba kowa na zuwa. Silima kuwa ta birni ce, ta kuɗi ce, kuma da baƙin jini ta tashi. An buɗe Rex a Kano a 1937, sannan a watan Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta kashe mutum 331, mutane da yawa suka ɗauka fushin Allah ne. Gidan kallo na ƙauye ya gaji ɓangarorin biyu: ya gaji taron majigi, ya kuma gaji zargin da ake wa silima.

Babban abin da ya kori fim daga rumfar lissafi ne, ba wa'azi ba. Fim ana iya kwafarsa. Da waya mai memori ta yawaita, sai shagunan masu turi suka buɗe kusa da masu cajin waya, inda da kuɗi kaɗan za a cika maka waya da fassarar Algaita da fina-finan Kannywood masu dogon zango. Wanda ke da fim a aljihu ba zai biya kuɗin benci ba. Wasan ƙwallo kuwa ba ya kwafuwa, domin darajarsa tana cikin minti casa'in ɗin da ake buga shi, gobe ya zama tsohon labari. Sai kuma tsadar mai ta zo ta ƙarasa aikin. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, a farashin hukuma litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mai gidan kallo da ke biyan kuɗin DStv duk wata, yana kuma zuba wa janareta mai, ba zai tayar da inji don mutum goma su kalli wani baƙon fim ba. Yana jiran daren da rumfa za ta cika har waje.

Akwai hannun hukuma a ciki, amma ana yawan zuzuta shi. Gaskiya ne bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 an rufe silimomin Kano na wani lokaci, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, wadda gidajen kallo ke ƙarƙashin idonta. Wannan ya sa ƙwallo ta zama zaɓin da ba ya jawo magana: babu rawa, babu waƙa, babu abin da liman zai ɗauka a huɗuba. Sai dai ko da babu hukumar, memori da fetur sun isa su kai mu inda muke.

Katun yana da nasa ƙarin cikas guda biyu. Na farko, an yanke masa hukuncin cewa kayan yara ne. Magidancin da zai kwana yana musu a kan bugun fanareti zai ji kunya a gan shi yana dariyar Tom and Jerry. Na biyu, saɓanin malamai kan zana abu mai rai, wanda ya sa iyaye da yawa ba sa murna idan yaro ya nuna baiwar zane, ko da yake akwai malaman da suka sassauta a kan abin da ya shafi wasan yara da koyarwa. Sakamakon haka ana shan katun sosai a gidaje, amma ba a ɗaukarsa sana'a.

A nan ne abin ya fi ba ni mamaki, domin babu al'ummar da ta fi Bahaushe shirin karɓar labarin da ya saɓa wa hankali. A silimomin Turai ana ware dare guda don fina-finan zane masu kama da mafarki, irin na Jan Švankmajer ɗan ƙasar Cek, mutane su biya kuɗi su ga abin da ba ya yiwuwa. Mu kuwa da irin wannan aka yaye mu. Ta-Kitse yarinya ce da aka yi da kitse, rana ta taɓa ta ta narke. A Daskin-da-Riɗi budurwa ke yawo cikin mummunar kama, kyawunta na ɓoye a ciki. Gizo yana cin bashi wajen giwa, yana yi wa dodo wayo, Ƙoƙi na gefe tana jan kunnensa. Ba wanda ya taɓa tsayar da kaka ya ce wannan bai yi ma'ana ba. Kannywood ta gwada ɗaukar irin waɗannan labarai da 'yan wasa na jini da tsoka, amma kyamara ba ta iya narkar da mutum sai da dabarun da ke cin kuɗi, galibi kuma su fito abin dariya. Zane ba shi da wannan matsala.

An ma taɓa yi, kuma ba nesa ba. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942, ya fara ne da nuna wa mutanen garinsu inuwar zane-zanensa da fitila. Ya yi aiki da mai shirya fina-finai Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaru da gwanin zane mai motsi Norman McLaren, sannan a 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na 'yan mintuna inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da faretin soja da duk wani tsarabe-tsaraben mulki. A shekarar da sojoji suka yi juyin mulki na farko a Najeriya ke nan, kuma duk wanda ya ga kwaɗon nan yana duba faretin girmamawa ya san ba da yara ake magana ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, daga baya ya yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke kokawa a fage irin na gargajiya. Ya zauna shekaru masu yawa a Tawa yana aiki da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, ya rasu a 2015. Bayan rasuwarsa gidan adana fasaha na MoMA a New York ya nuna ayyukansa a 2017. Abin takaici ne a ce ya fi sauƙi a ga Kokoa a Amurka fiye da a Gwarzo, inda kowa ya san kiɗan kokawa.

Ƙaurar kallo zuwa waya ba asara ba ce zalla. Gidan kallo na maza ne, kuma matar aure a Kabo ba ta taɓa samun wuri a bencinsa ba. Waya ce ta kai mata fim har ɗaki. Iyaye sun huta da fargabar yaro ya kai sha biyun dare a cikin samari masu hayaƙi. Yara kuma sun samu abin da iyayensu ba su samu ba: tashar MBC3 ta Larabci a gidajen da ke da satalayit, da Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya wanda aka mayar da shi Hausa, da Bino and Fino na Adamu Waziri da ake yi a Abuja.

Amma akwai abin da ya zube a hanya. Tatsuniya tana da mai ba da ita, tana da amshi, yara na katse kaka da tambaya, ita kuma tana lanƙwasa labarin ya dace da wanda ya yi rashin ji da rana. Tana da lokacinta ma, har ana tsoratar da yara kada su yi ta da rana. Katun a waya ba shi da lokaci, ba ya jin tambaya. Ba zan ɗora masa laifin kashe tatsuniya ba, domin talabijin da karatun dare sun riga sun rage mata fili tun kafin ya iso. Ya dai tarar da gurbi ne ya zauna, kuma yawancin abin da ya zo da shi mafarkin wasu ne, na Indiya da Japan da Amurka.

Me ya hana namu? Zane aiki ne mai cin rai. Ko da zane 12 ake yi wa kowace daƙiƙa, minti ɗaya na buƙatar 720. Manhajar Blender kyauta ce, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa, sannan wanda ya shafe wata shida yana aiki ya san ranar da ya saki fim ɗin, a ranar zai isa shagon mai turi ba tare da ko sisi ta dawo masa ba. Shi ya sa matasa suka karkata ga gajeriyar hanya. Yanzu TikTok da YouTube cike suke da labaran Hausa da aka haɗa wa hotuna da ƙirƙirarriyar basira: murya ta Bahaushe ce, amma gidajen ba su da zaure, rawanin sarki na wata ƙasa ne, leɓe na motsi dabam da magana, wani lokacin hannu ya fito da yatsu shida. Yara na kallo, manya ma na leƙawa ta kafaɗarsu, kuma masu turi sun fara ware wa irin waɗannan bidiyoyi nasu wurin a cikin kwamfuta.