Ƙara Ba Ƙarfi Ba Ne: Abin Da Matatar Iska Da Fetur Suka Koya Mini

Shekara biyar na yi ina tari daga albashin koyarwa kafin na sayi Corolla tsohuwa, irin waɗanda ake shigo da su daga Amurka. Da safe ta kai ni makaranta, da yamma ƙanena ya ɗauki fasinja da ita a cikin Kumasi, abin da aka samu mu cika kuɗin cefane. Don haka in ta kwanta, gidanmu ne ya kwanta.

Wata rana ƙanen nawa ya ce, "Yaya, motar nan ba ta ja a hawa. Mu cire akwatin iskar nan mu sa mata buɗaɗɗiyar matata, mu riƙa sha mata fetur mai lamba 95." Na yarda. Ranar da aka ɗaura, in ka taka totur sai ka ji tana gurnani kamar motar tsere. Wallahi har ni na ɗauka ƙarfi ya ƙaru.

Bayan hunturu, da muka je Tamale muka dawo, sai ta fara shaƙewa, ga fitilar inji a kunne. Na kai ta Suame Magazine wajen wani dattijon bakanike. Bai ce komai ba, ya kwance bututun iska, ya zura yatsa ya nuna mini: jar ƙura. "Malam," in ji shi, "wannan duk injinka ya haɗiye ta."

Ga abin da na fahimta daga bayaninsa da karatun da na yi daga baya. Injin fetur yana buƙatar iska kusan kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai. Wato lita guda ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Duk wannan iskar ta matata take bi. Matatar takarda da kamfani ya sa tana tare ƙura sosai. Yawancin buɗaɗɗun nan, musamman na araha, ramukansu sun fi faɗi, kuma ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari. In ta shiga sai ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa goge ringi da bangon silinda, har mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi.

Abu na biyu shi ne zafi. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ta fi ɗaukar iskar da wuta ke ci. In zafi ya ƙaru da digiri 10, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100. Akwatin asali daga gaban mota yake janyo iska, tamu kuwa a gefen inji take zaune tana shaƙar turiri. Garin neman ƙiba muka samo rama. Sannan man da ake shafa wa irin wannan matata ya ɓata na'urar auna iska da ke bayanta, ita kuma ta riƙa ba ƙwaƙwalwar mota lissafin ƙarya. Dalilin shaƙewar ke nan.

To, batun fetur fa? A gidajen mai na Ghana akwai mai lamba 91 da mai lamba 95. Da yawanmu muna zaton 95 ya fi ƙarfi. A'a. Lambar tana nuna yadda mai ke jure matsi ne ba tare da ya fashe kafin lokacinsa ba, abin da ke sa inji ƙwanƙwasa. Sau da yawa inji mai turbo ko mai matsi da yawa yana buƙatar 95. In ka ba shi 91, ƙwaƙwalwar motar za ta jinkirta wutar filogi don ta kare shi, ƙarfi ya ragu. Amma injin da aka ƙera don 91, ko ka cika shi da 95 ba abin da zai ƙaru sai kuɗin da ka kashe. A lura kuma: littafin motar Amurka yakan ce 87, don ma'auninsu daban ne. Wannan 87 ɗin shi ne kusan 91 namu. Wata huɗu ina biyan kuɗin banza.

Na ce, "Baba, yanzu mene ne abin yi?" Ya ce a mayar da akwatin asali, a sa sabuwar matatar takarda, a wanke na'urar, a juye baƙin mai. Allah Ya taimake ni ringi bai gama cinyewa ba, amma duk da haka kusan rabin albashin watan ya tafi.

Ban ce duk gyaran hanyar iska yaudara ba ne. Wanda aka yi da kyau, a rufe, yana janyo iska daga waje, yakan ƙara ɗan ƙarfi in inji na gudu sosai. Amma mai bin cunkoson Kejetia da hanyar ƙura ba zai ji bambancin ba. Abin da zai ji shi ne matata mai tsabta. Ni dai yanzu da hunturu duk mako biyu nake buɗe akwatin in ɗaga ta a rana. In haske bai ratsa ba, in canza. Ƙanena har gobe yana cewa motar ta yi shiru da yawa. Na ce masa shirun nan ne ke biyan kuɗin makarantar yara.