Ƙarar Maɓallin Waya a Kiran Intanet: Abin Lura Kafin a Danna Lambar Sirri

Duk wanda ya taɓa kiran layin kula da abokan hulɗa na banki ko na kamfanin sadarwa ya san muryar nan mai cewa a danna 1 don kaza, a danna 2 don kaza. Ɗan sautin da ke fita idan ka danna maɓallin shi ne saƙon kansa, shi na'urar da ke can take saurara ta gane lambar da ka zaɓa. Masu fasaha suna kiransa DTMF, kuma kamfanin Bell ne ya fara kai wa jama'a shi a Amurka a 1963.

Kowane maɓalli sauti biyu yake haɗawa lokaci guda, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri. Lamba 1 haɗin mai kaɗawa sau 697 a daƙiƙa ne da mai 1209. Lamba 5 kuwa 770 da 1336. An zaɓi haɗin ne yadda zai yi wuya muryar mutum ta dace da shi, kada mai magana ya danna lamba da baki bai sani ba.

A tsohuwar wayar girke wannan bai da wata matsala. Rigimar ta zo ne da kiran intanet, irin wanda ofisoshi da cibiyoyin amsa kira suke yi da manhajoji kamar Zoiper, Linphone da MicroSIP. Manhajar takan matse murya don rage cin data. Tsarin G.711 yana cin kilobit 64 a daƙiƙa, sautin maɓalli na ratsa shi lafiya. G.729 kuwa kilobit 8 kacal yake ci, an gina shi don maganar ɗan Adam, saboda haka yakan dagula sautin. Sai ka danna 3 na'ura ta yi shiru, ko ta ce lambar ba daidai ba ce.

A nan mutane da yawa suke kuskure: su shiga saiti su ƙure ƙara, suna ganin na'urar ce ba ta ji. Da farko dai, ƙarar iri biyu ce. Akwai wadda manhaja take kaɗa maka a kunne don ka san ka danna, akwai wadda ake aika wa ɗaya ɓangaren. A yawancin manhajoji ta farkon ba ta tafiya ko'ina, ƙure ta ciwon kunne kawai zai jawo maka, musamman in da abin saurare a kunnenka. Ta biyun ma in aka ƙure ta sautin yakan fashe, ya zama kamar lasifikar gidan biki da aka murɗe har ƙarshe, ana jin amo ba a jin magana. Wani lokaci amsa-kuwwa ta dawo da shi, na'ura ta ƙirga lamba ɗaya sau biyu, ka danna 1 ta rubuta 11. In an maimaita haka a wurin lambar sirri, ana iya rufe maka asusu a banza.

Maganin yana wurin zaɓen hanyar aikawa. A saitin irin waɗannan manhajoji akan ga zaɓi uku: a tura sautin cikin muryar, a tura shi ta RFC 2833, ko ta SIP INFO. Na tsakiyan ya fi karɓuwa. Ƙa'ida ce da aka fitar a 2000, aka sabunta ta da RFC 4733 a 2006, kuma maimakon sautin, lambar kanta ake aikawa tare da tsawonta da ƙarfinta, a can ƙarshe a sake ƙera sautin tsaf. Ma'aunin ƙarfin daga 0 zuwa 63 ne, kuma a juye yake: girman lamba, raguwar ƙara. Wanda bai san haka ba sai ya sa 50 yana neman ƙara, ya kusa kashe sautin. Shawarata, a bar wannan gurbi yadda aka same shi, a tambayi kamfanin da ya ba da layin wace hanya yake karɓa, kuma kada a kunna biyu tare.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Tunda kowace lamba da haɗin sautinta, wanda ya naɗi kiranka zai iya mayar da ƙarar zuwa lambobi, da manhajojin kyauta da ke intanet. Ba sai ya ga yatsanka ba. Don haka kada ka danna lambar katin ATM ko lambar sirri wayarka tana kan lasifika cikin mutane, ko kuna haɗe da wani a kiran taro. Wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ka danna lambar sirrinka don a gyara maka asusu, sautin yake jira. Katse kiran, ka kira lambar da ke bayan katinka. Masu ofisoshin da ke naɗar kira su ma su duba rumbunsu, domin lambobin abokan cinikinsu na iya kasancewa a ciki. Akwai tsarin da ke toshe sautin maɓalli daga naɗin, su nema a kunna musu.

Lambobin nan masu tauraro da ake tura kuɗi da su ba ta sauti suke tafiya ba, hanyarsu daban ce. Amma wayar tana iya kaɗa ƙarar maɓalli yayin da kake rubuta su, don haka shiga saitin sauti ka kashe ta.