Giyar Kirsimeti a Beljiyam: Ƙaramar kwalba, babban nauyi

A watan Disamba rana kan faɗi a Brussels tun kafin ƙarfe biyar na yamma, sanyi kuma ya kori kowa cikin ɗaki. A wannan lokaci ne masana'antun giya na Beljiyam, manya da ƙanana, ke fito da abin da suke kira giyar Kirsimeti, wadda ba a cika ganinta a kasuwa ba sai a hunturu. Tsohuwar al'ada ce. Ita kanta Stella Artois an fara yin ta ne a 1926 a birnin Leuven domin Kirsimeti, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giyar ƙasar cikin kayan gadon bil'adama.

Giyar hunturun duhu gare ta, ga kauri. Ana ƙara tsiron sha'ir da sukari, wasu su zuba kirfa, kanumfari ko ɓawon lemo, a bar yisti ya ci gaba da aiki a cikin kwalba. Masu sha ba sa sanyaya ta ƙarara. Sukan tsiyaya ta a kofi mai faɗin baki, su shaƙi ƙamshin, su riƙa kurɓa ana hira. A garin Essen, kusa da iyakar Holan, har biki ake yi mata duk Disamba, inda ake ɗanɗana fiye da iri ɗari a ƙananan kofuna.

Ƙanƙantar kofunan tana da dalili, kuma jami'in da aiki ya kai shi liyafar ƙarshen shekara a can ya kamata ya san shi. Giyar Star da aka sani a Najeriya tana da barasa kusan kashi 5 cikin ɗari. St. Bernardus Christmas Ale kashi 10 gare ta, Bush de Noël kuwa 12. Kwalbar Bush mai santilita 33 ta fi babbar kwalbar Star mai santilita 60 barasa, zaƙi da kayan ƙamshi kuma suna ɓoye ƙarfin. Ɗumin da mai sha yake ji ma ruɗi ne, domin barasa tana buɗe hanyoyin jini na fata, jiki ya yi ta zubar da zafi a kan hanyar komawa masauki.

Wanda ba ya sha kuwa, saboda addini ko lafiya, ya tambaya kafin ya kai loma baki: shahararriyar miyar naman sa ta ƙasar, wadda suke kira carbonnade, da giya ake dafa ta.