Baƙon Da Ba Ya Tsayawa Zaure

Jama'a, kowa ya san al'adar gidajen Sakkwato, tun daga Kanwuri har Runjin Sambo. Baƙo namiji in ya zo, zaure ne iyakarsa. Sai ya yi sallama, a aiko yaro ya ji ko wane ne, sa'an nan maigida ya fito. Ko karatu ma, zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, ta hannun jajoji ya ke isa ga matan ƙauyuka, watau dattijan mata waɗanda ita da kanta ta zaɓa ta ba su malfa.

To, ga wani baƙo ya zo wanda bai san zaure ba. Cikin 2001 wayar hannu ta soma yaɗuwa a Nijeriya, daga baya intanet ta shiga cikinta. Yau sai ka ga yarinya kwance ɗakin uwarta, ƙofa da sakata, alhali kuwa tana taɗi da wani ƙato wanda ba mai sanin garinsu. Dabararsu kusan ɗaya ce. Ya sa hoton wani, ya ce shi tsararta ne, ya yi ta aiko mata da katin waya har ta saki jiki. Sa'an nan ya roƙi hoton da bai kamata ba. Ran da ya samu, sai murya ta sāke: ko ta ƙaro, ko ya watsa wa duniya. 'Yan maza ma ba su tsira ba, su kuɗi a ke tatsa gare su.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta yaudarar yara ta wannan hanya, kuma cikin Nuwamba 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu ga dokar kare yara ta Jihar Sakkwato. Facebook da TikTok sun ce ba su karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, amma wa ke tsaye kan yaro sa'ad da ya ke rubuta shekarar haihuwarsa? Alƙali kuwa sai ɓarna ta auku a ke zuwa gabansa.

Saboda haka tsaron ya komo kan iyaye. Waya ta kwana ɗakin babba, kuma uba da uwa su san lambar buɗe ta. Wanda bai iya duba ta ba, ba abin kunya ba ne ya sa wan yaron ko yarsa su nuna masa.

Amma abin da na fi so a kula shi ne wannan. In ɗanka ya zo ya faɗa maka abin da ya same shi, kada ka fara da bulala, gama tsoron bulalar nan shi ne jarin macucin. Kada kuma a share saƙonnin don jin kunya. A ajiye su da lambar da ta aiko, a kai wa 'yan sanda.