Jigo da kutara: mu san sunayen kayan ɗebo ruwa

Ƴan uwa manoma, tun da injin ban ruwa ya shigo lambuna, yaranmu sun fara manta sunayen kayan aikin kakanninmu. Bari mu tuna da su.

Jigo shi ne gungumen icen da ake kafawa bakin rijiya, ya ɗauki nauyin aikin duka. Shi ya sa ake ce wa babban mutum jigon gari. Kutara ita ce doguwar sandar da ke bisa jigo. Gabanta ana ɗaura igiya da guga, bayanta kuwa dutse ko curin laka. Wannan nauyi ne ke taya mutum ɗago ruwa. Amma jigo na rijiya marar zurfi ne, irin ta fadama.

Wasaki guga ne na fata. Ƙugiya ke fiddo shi idan ya faɗa rijiya.

Rijiya mai zurfi kuwa, Abzinawa na sa mata tekarkart, wato ice kewayayye mai juyawa wanda igiya ke bi ta kansa, sa ko raƙumi na ja. Ba ya rage nauyin ruwa, amma yana hana igiya cinye bakin rijiya.

Mu kula: igiyar da aka yar ƙasa tana mai da ƙazanta cikin ruwan sha, ta kawo zawo. Mu rataye ta tare da guga.

Ranar da inji ya lalace ko mai ya yi tsada, jigo ne zai ceci albasarmu. Mu tambayi tsofaffi yadda ake kafa shi, mu rubuta, mu koya wa yara.