Kifin wel da ƙafafunsa: abin da ya tabbata da abin da aka ƙara

Daga tsohuwar unguwar Al Asmakh a Doha zuwa bakin teku 'yar tafiya ce, kuma tekun nan na Qatar yana da halittu biyu da ake yawan rikita su da kifin wel. Ta farko ita ce shak ɗin nan mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma, yake taruwa da yawa duk bazara a kusa da rijiyoyin man Al Shaheen. Wannan kifi ne na sosai, a ruwa yake numfashi. Ta biyu ita ce dugong, 'yar'uwar ayun da muka sani a kogin Binuwai da Neja. Tana shayarwa, amma ba wel ba ce, danginta na tudu su ne giwaye.

Shi kuwa wel, ko da baki ya saba kiransa kifi, ba kifi ba ne. Yana da huhu, dole ya ɗago ya shaƙi iska, macen tana haihuwa ta ba da nono. Kifi yana kaɗa wutsiya hagu da dama, wel yana kaɗa tasa sama da ƙasa, yadda gadon bayan doki yake lanƙwasa in yana sukuwa. Cikin fiffiken wel akwai ƙasusuwan hannu har da yatsu.

Ana cewa masana sun yi iƙirarin wai dorina ce ta rikiɗa ta zama wel. Babu masanin da ya faɗi haka. Abin da binciken ƙwayoyin halitta ya nuna shi ne, a cikin dabbobin da ke raye dorina ce ta fi kusa da wel, kakansu ɗaya ne da ya shuɗe fiye da shekaru miliyan 50. Ba kuma wata dabba ɗaya ce ta faɗa ruwa ta wayi gari da fiffike ba. Sauyi ne da ya ɗauki miliyoyin shekaru, zuriya bayan zuriya.

Sai zancen da ya fi ɗaukar hankali, cewa daga 'yan gutsattsarin ƙashi aka zana duk labarin. Nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba. A 1981, lokacin da Philip Gingerich da Donald Russell suka bayyana dabbar da suka kira Pakicetus daga Pakistan, ɓangaren ƙoƙon kai da haƙora ne a hannunsu, kuma zanen farko ya nuna ta tana iyo fiye da yadda take. Abin da ya sa suka danganta ta da wel shi ne wani kaurin ƙashin kunne irin na wel. Masu suka suna tsayawa a nan, to amma aikin bai tsaya ba. A 2001 Hans Thewissen ya fito da sauran gangar jikin, sai ga dabba mai dogayen ƙafafu huɗu, aka gyara zanen. A shekarar ce kuma aka samu ƙashin idon sawun tsofaffin wel, ya zo daidai da na dabbobi masu rababben kofato, irin tunkiya da saniya. A ganina wannan shi ne mafi ƙarfin hujjojin, domin ya rushe ra'ayin da masanan da kansu suka daɗe a kai, na cewa daga wasu dabbobi maciya nama wel ya fito.

Wanda yake son gani da ido, akwai Wadi al-Hitan a hamadar Masar, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005. Ga ƙasusuwan tsohon wel Basilosaurus kwance a yashi, tsawonsa ya haura mita 15, amma ƙafarsa ta baya ba ta kai mita ɗaya ba, da gwiwa da yatsu. Har yau yawancin wel suna ɗauke da ragowar ƙashin ƙugu a cikin tsokarsu, kuma a 2006 masunta a Taiji ta Japan sun kama dolfin, dangin wel, mai ƙarin fiffike biyu a baya.

Abin da ya kamata ɗalibanmu su sani, ba a kuma cika faɗa musu ba, shi ne Afirka ta Yamma tana cikin labarin. An haƙo tsohon wel a ramukan fosfat na Togo. A kudancin Najeriya ma an samu muƙamuƙin wani, Charles Andrews ya bayyana shi a 1920, ya raɗa masa Pappocetus lugardi, da sunan Gwamna Lugga.