Taron Shekara da Zaɓen Shugabanni a Ƙungiyar Binciken Kayan Tarihi ta Sussex

Idan aka ambaci masu binciken kayan tarihi, abin da ke zuwa a ran ɗalibi shi ne mutane riƙe da cebur da buroshi suna tonon kufai. Amma akwai wani ɓangare na aikin da ake yi a zaure, a kan kujeru, wato babban taron shekara-shekara inda ake karanta lissafin kuɗi, a kuma zaɓi shugabanni. Ƙungiyar binciken kayan tarihi ta gundumar Sussex, a kudancin Ingila, ta isa misali na yadda wannan taro yake da nauyi. An kafa ta a 1846, ta kuma fara buga mujallarta a 1848.

Yadda taron yake gudana

Irin waɗannan ƙungiyoyi na mambobinsu ne, kuma yawancinsu masu sha'awar tarihin yankinsu ne. Kafin ranar taro akan aika wa kowa takardar gayyata da jerin batutuwa. Ba a buɗe taro sai an samu adadin mutanen da tsarin mulkin ƙungiya ya ƙayyade. Daga nan sakatare ya gabatar da rahoton taron bara a amince da shi, shugaba ya bayyana ayyukan shekara, ma'aji kuma ya kawo lissafin shiga da fita wanda wani mai binciken kuɗi daga waje ya riga ya duba. Bayan tambayoyi sai zaɓe. Mamba ɗaya ya tsayar da ɗan takara, wani ya mara masa baya, sannan a ɗaga hannu ko a jefa ƙuri'a. Waɗanda aka zaɓa su ne amintattun da doka za ta tuhuma idan dukiyar ƙungiya ta salwanta.

Abin da aka damƙa musu

Tono ba kamar gwajin ɗakin kimiyya ba ne. Ɗalibin da gwajinsa ya lalace yana iya sake shi gobe, amma ƙasar da aka tone ba ta komawa yadda take. Abin da ke saura shi ne kayan da aka ciro da bayanan da aka rubuta. Saboda haka dole a samu mai adana su har bayan ran wanda ya tono su.

Alal misali, a 1960 ma'aikatan da ke haƙa hanyar bututun ruwa a ƙauyen Fishbourne suka ci karo da harsashin wani gini. Tonon da Barry Cunliffe ya jagoranta daga 1961 ya nuna fada ce ta zamanin Rumawa, wadda aka gina wajejen shekara ta 75 Miladiyya, mai ɗakuna da daɓe na ƙananan duwatsu masu launi. An buɗe ta ga jama'a a 1968, kuma ƙungiyar ce ke kula da ita, haka ma tsohon ginin tsaro na garin Lewes. Gyaran rufi da albashin ma'aikata duk suna bukatar kuɗi, kuma kuɗin ƙofa babban ɓangare ne na abin da ake samu. Da annobar korona ta sa aka rufe gidajen tarihi a 2020, wannan hanya ta toshe, sai da ƙungiyar ta nemi gudummawar jama'a.

Darasin Piltdown

A 1912 wani lauya mai suna Charles Dawson ya gabatar wa masana a Landan gutsattsarin ƙoƙon kai da muƙamuƙi da ya ce an samo a Piltdown, cikin Sussex. Aka ɗauke su a matsayin ragowar wani daɗaɗɗen mutum. Shekara 41 bayan haka, a 1953, Kenneth Oakley da Joseph Weiner da Wilfrid Le Gros Clark suka tona asirin. Ƙashin da ya daɗe a binne yakan tsotsi sinadarin fulorin daga ruwan ƙasa, amma waɗannan ba su da shi sai kaɗan. Aka gano ƙoƙon na mutum ne irin na yau, muƙamuƙin na birin orangutan, an goge haƙoran da magagari, an kuma rina ƙasusuwan. Da ba a adana su a gidan tarihin halittu na Landan ba, da babu abin da za a sake gwadawa.

Ke nan kimiyya ba ta gyara kurenta sai shaidar tana nan a hannun amintacce. Mamban da ya tashi a taro ya tambayi ma'aji inda kuɗin gyaran ɗakin ajiya suka shiga, yana kare wannan shaida ne. Malaman da ke kula da ƙungiyoyin kimiyya na makarantu za su amfani ɗalibansu idan suka koya musu rubuta rahoton taro da karanta lissafi, kamar yadda suke koya musu rubuta sakamakon gwaji.